Leda, gawayi da ɓarnar biki: me za mu iya canjawa a gidajenmu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah. Maganar leda ce da sharar da muke fitarwa daga gidajenmu kullum. Damina ta kawo jiki kuma kowa ya san yadda kwatocin unguwanninmu suke a nan Kano, cike maƙil da baƙar leda da ledar fiya wata da robar tekawe, ruwan farko in ya sauka ba shi da hanyar wucewa sai ya faɗa gidan da yake gangare, kuma yawanci gidan ƙasa ne na mai ƙaramin ƙarfi. Abin da yake tsorata ni shi ne ledar da aka yar a ƙofar gidana ta zama sanadin faɗuwar katangar wani, wannan ai haƙƙi ne. Toh a cikinku akwai wanda ya canja wani abu a gidansa kuma ya ga abin ya ɗore? Abin da ake yi a aikace nake son ji don Allah.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika ɗauko wannan zance. Mu da muka taso ba da leda muka taso ba. Cefane a kwando ake zuwa da shi, ko ƙwarya a rufe da faifai. Man gyaɗa kwalbarki za ki bayar a auno miki, koko yaro da kwanonsa yake zuwa, fura a ƙwarya, goro a ganye, tsire a takarda, alala kuwa a gwangwanin madara ake dafa ta a wanke gwangwanin a ajiye na gobe. Ni har yau jakar cefanena buhun shinkafa ne da na ba tela ya rage masa tsawo ya sa masa hannu biyu, da ita ake zuwar min Yankaba a zubo tumatir da tattasai da albasa, kuma tumatir ma ya fi daɗewa don ba ya gumi a ciki. Jikokina suna cewa kunya suke ji su riƙe ta a titi, na ce musu abin kunya shi ne ƙofar gida da shara.

Abban Sadiq: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Amma ni ɗan kasuwa ne bari in faɗi yadda abin yake a shago. Mutum zai zo ya sayi magi na naira ɗari ya ce a sa masa a leda, ya sayi ashana ya ce a sa a wata ledar daban. In na ce babu, gobe shagon maƙwabcina zai je ya ce ni marowaci ne. Ledar nan fa da kuɗina nake sayenta bandir-bandir, da za a daina ni na fi kowa murna. Sannan maganar gaskiya wannan aikin gwamnati ne, ita za ta kwashe shara ta yashe magudanan ruwa ta hana kamfanoni bugo leda. Kuma wai sauyin yanayi da ake ta faɗa, Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, su Amurka da China da Turai suka ɓata sama amma talakan da ko wutar Nepa ba ya samu shi za a ce ya gyara hali?

Injiniya: Yaya Abban Sadiq lissafinka na hayaƙi daidai ne, ban musa ba. Amma ledar da ta toshe kwatar layinku ba daga Amurka ta zo ba, daga gidajen layin ta fito. Ka je ka leƙa rafin Jakara na cikin Kano ka gani, ruwan ma da ƙyar ake ganinsa. Maganar doka kuma ana yi a wasu wurare, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta hana a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 4, nan Legas ma a Janairun 2024 suka hana farar robar tekawe ɗin nan mai kumfa. Mu a arewa har yanzu ko zancen ba a fara da gaske ba.

Na Maraɗi: Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan Nijar muna da dokar hana shigo da leda da saida ta tun 2014, amma ku zo bayan garin Maraɗi ko Damagaram ku ga yadda leda ta rataye bisa itatuwan ƙaya, baƙi ƙirin. Doka tana nan a takarda, mai tumatir kuma bai da abin da zai ƙulla ma mutane kaya in ba ita ba. In ba a kawo ma mutane madadi mai arha ba doka ba ta aiki.

Baban Zara: Ni ina Njamena. Nan a 2010 magajiyar gari ta tsaya tsayin daka kan hana leda kuma gari ya yi tsabta sosai a lokacin, mata suka koma jakar saƙa da kwando, da idona na gani. To daga baya da aka sassauta ta fara dawowa. Abin da na fahimta shi ne mutanenmu suna iya rayuwa babu ita, ba su mutu ba, kasuwa ba ta tashi ba.

Ummu Khalifa: Wlh ku duba abin da ya faru a Maiduguri, duk irin wannan ne.

Ɗan Barno: A'a 'yar uwa, namu na Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ce ta ɓalle, ruwan da ya shigo ko kwatoci a share suke tas ba za su iya da shi ba. Kar mu haɗa su. Amma ambaliyar da ake yi cikin unguwa duk shekara in an yi ruwan awa biyu, wannan kam shara ce da gini a kan hanyar ruwa.

Ɗan Mahauta: Ni sana'ata fawa, gado na yi. Bari in gaya muku abin da muke gani wanda ku ba kwa gani. Za a kawo saniya ko akuya ta rame ƙashin baya duk a waje amma cikinta ƙato, mai ita ya ce yana ba ta dusa da harawa ba ta ƙiba ga shi ta daina cin abinci. In aka yanka aka farke tumbin sai ka ga leda ta nannaɗe ta dunƙule kamar gammo, baƙa da fara har da igiyar buhu da tsumma, ta yi tauri sai ka sa hannu biyu kake ɗagawa, wuƙa ma ba ta shigarta da daɗi. Dabbar nan da yunwa take yawo cikinta a cike. Suna cin ledar ne don ƙanshin abincin da ya rage a jiki, gishiri da mai. Kuma yawanci akuyar wata baiwar Allah ce da take kiwo don ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Tun da nake ganin wannan a gidana ledar da aka zuba abinci ba a jefa ta waje, buhu na rataye a bayan ƙofa can ake tarawa.

Maman Ilham: Innalillahi. Malam ban taɓa kawo dabbobi a raina ba wallahi. To in buhun ya cika ya kuke yi da shi?

Ɗan Mahauta: Ledar fiya wata akwai masu saye a kilo, yaran jari bola suna karɓa su kai wa masu niƙa roba. Baƙar ce ba mai so, ita sai dai mai kurar shara ya tafi da ita a ƙulle a buhu, ko ba komai iska ba ta kwashe ta ba.

Ummi Mai Alala: Don Allah ku yi haƙuri in sa baki, ni ba boko na yi mai nisa ba amma abin ya shafe ni kai tsaye. Alala da awara nake yi, da su nake ciyar da marayu huɗu. Hajiya ta ce a gwangwani ake yi da, gaskiya ne haka mahaifiyata take yi, amma yanzu mai saye a kan mashin yake zuwa ya ce ƙulla min ta ɗari biyar ya wuce, gwangwanin zan ba shi ya tafi da shi? In juye masa a hannu? Kuma wankin gwangwani ɗari ruwa yake ci, ruwan nan jarka-jarka nake saya a wajen 'yan garuwa, ga omo ga man shafawa a gwangwanin. Robar tekawe ɗaya kuɗinta ya kusa cinye ribar alala uku. Ni ba na son shara, ni nake share ƙofar gidana da asuba, amma in ana irin wannan magana a dinga tunawa da irinmu.

Hajiya Inna: Gaskiyarki Ummi, Allah ya raya miki marayun nan. Ba wanda zai ce ki bar abincinki.

Sista Hauwa: Anti Ummi na ji ki sosai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da zan roƙa guda biyu ne kuma duka ba sa cin kuɗi. Na farko maƙwabtanki na layi da suke aiko yara, ki ce su dinga zuwa da kwano, ko da su kaɗai ne kike yi wa ta gwangwani an rage. Dafa abinci a cikin leda a tafasasshen ruwa ba abu ne mai kyau ba, ledar ba don wuta aka yi ta ba, haka koko mai zafi da tuwo da ake naɗewa daga tukunya. Na biyu kuma shi ya fi damuna, hura gawayi da leda. Kusan kowane gida ana yi, a cusa leda a tsakiyar gawayi a kunna tana ɗiga tana baƙin hayaƙi, uwa ta sunkuya tana fifita ga jariri a goye a bayanta yana shaƙa. Hayaƙin roba guba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara suka fi shan wahalarsa, wannan na itace da gawayi da kananzir kenan, ina ga an ƙara da roba. A yi amfani da kwali ko busasshen kara ko ɓawon rake, suna kamawa.

Ummi Mai Alala: Na kwano zan iya, dama wasu suna zuwa da shi. In ma ƙara musu ɗaya gyara zan yi don su saba.

Abban Sadiq: Tunda an zo maganar gawayi, nan ma dai talaka za a ɗora wa laifi. Gidana da gas muke girki shekara da shekaru, bayan cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira kilo ya haura naira dubu, silinda mai kilo 12.5 ta zama sai an yi shawara kafin a cika. Muka koma kurfoti. Ba ni kaɗai ba, ku duba yadda masu gawayi suka yawaita a kowane lungu. Mutum ya san ana sare daji amma yara za su ci abinci.

Injiniya: Ba wanda ya ce laifinka ne Yaya. Amma mu san abin da muke ƙonawa. Yadda ake gawayi a daji, a tara itace a rufe da ƙasa a kunna, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, sauran ya tafi a hayaƙi. Kuma ba kowace bishiya suke so ba, masu nauyi suke nema, ƙirya da marke da kaɗanya, don gawayinsu ya fi daɗewa a wuta. Kaɗanya fa sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, matan ƙauye da ita suke samun man kaɗe su sayar, a sare ta a rana ɗaya a cika buhu kaɗan. Duk tirelar gawayin da kuka gani tana shigowa gari wani daji ne aka kwashe. Ni abin da nake cewa, in ba za mu iya dainawa ba mu rage yawan da muke ci.

Maman Ilham: To ta yaya? Nan nake so a tsaya.

Anti Bilki: Bari in faɗi nawa, ni gidan mutum goma sha ɗaya nake girkawa. Wake ba na ɗora shi sai ya kwana a jiƙe, ko in jiƙa da safe na dare, lokacin dahuwarsa raguwa yake sosai. Tukunya kullum a rufe. In na gama girki ba na barin garwashi ya cinye kansa, a tsohon gwangwanin fenti mai murfi nake juyewa in rufe, wutar ta mutu gobe in ƙara da shi. Kuma kurfotin da aka shafe cikinsa da yumɓu ya fi na ƙarfe zalla riƙe zafi, maƙera suna yi. Babban abin da ya taimake ni shi ne wannan: shinkafa ko wake ko ganda in suka tafasa sosai na wasu mintuna, sai in sauke tukunyar a rufe in naɗe ta da tsohon bargo in sa a kwando in danne da matashi, in bar ta. Da zafinta take ƙarasa dahuwa, ba ta kamu ba ta ƙonewa, in yara sun dawo daga makaranta da zafinta suke samu. Wake dai a tabbatar ya tafasa da kyau kafin a sauke. Gas ɗin kuma na bar shi na shayin safe da ɗumame kawai sai ya daɗe.

Hajiya Inna: Bilki wannan na bargon sabo ne a wajena, zan sa a gwada min.

Ɗan Kura: Mu a wajenmu buntun shinkafa ne ya yi yawa, injinan casa tsibi-tsibi suke zubarwa har a cinna masa wuta don a rabu da shi. Akwai murhun da ake ɗura buntun a danne a bar rami a tsakiya, yana ci a hankali, masu abincin sayarwa da yawa da shi suke yi. Haka garin katako na 'yan katako. Anti Ummi in akwai injin casa kusa da ku ki tambaya.

Baban Zara: Ku dai yi addu'a kar a yi muku irin namu. A farkon 2009 gwamnatin Chadi ta hana gawayi kwatsam don kare daji, alhali gas bai wadata ba. Mata sun sha wuya ba kaɗan ba, har kashin shanu da tsofaffin kujeru aka ƙona a gari. Niyyar mai kyau ce amma an fara da hani kafin a tanadi abin da za a koma.

Na Maraɗi: Mu abin da ya ɗan taimaka shi ne matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, gas ya samu kuma gwamnati ta ƙayyade kuɗinsa, gidaje da yawa cikin birni suka sayi ƙaramar tukunya mai kilo 6. Ƙauye kam har yanzu itace ne da kara.

Malam Na Islamiyya: Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga sama, ina so in ƙara abin da nake ganin mun fi sakaci da shi alhali shi ne a hannunmu ɗari bisa ɗari, ba ruwan gwamnati ba ruwan tsadar gas. Shi ne ɓarna. Allah ya ce a Suratul A'araf aya ta 31 mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, ba ya son masu ɓarna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita ɗaya ba, yana wanka da sa'i. Yau ku tsaya a famfon masallacin Juma'a ku gani, mutum ya buɗe famfo yana zuba yana gyara hannun riga yana gaisawa da na kusa, ruwan da zai ishi mutum goma ya bi kwata, a garin da mata suke bin layin rijiyar burtsatse tun asuba. Mu a makarantarmu buta muka koma, kowane yaro rabin buta, kuma wajen alwalar mun ja masa ƙaramar hanya zuwa gindin darbejiya da zogale da muka dasa. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to wanda ya zuba shara a kwata da daddare don ruwa ya kai ta ƙofar wani ya auna da kansa me ya aikata.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Malam. Wannan na zuba shara in hadari ya haɗo wallahi ana yi a layinmu, da an ga gari ya yi duhu sai ka ga yara suna fitowa da bokitai.

Anti Bilki: Malam ka taɓo ɓarna to bari mu mata mu faɗa wa kanmu gaskiya, biki. Kamu, sa lalle, walima, dina, yini, buɗar kai, kowanne da abincinsa kowanne a tekawe, kowane tekawe a leda da cokalin roba da ruwan gora da lemo. A tashi daga wajen taro ka ga shinkafa da kaza an ci rabi an tura ƙarƙashin kujera an tattake, almajirai suna tsintar abin da bai taɓa ƙasa ba. Ga anko kala uku wanda ba za a sake sawa ba. Kuma rabin masu yin haka bashi suka ci. Bikin ƙanwata mun yi a manyan farantai, mutum biyar-biyar, da jug ɗin zoɓo da kofunan silba da muka aro a dangi, abin da ya rage a tukunya yake da tsabtarsa muka rarraba wa maƙwabta da makarantar allo. An yi gulma kam, wai mun yi ƙauyanci, har wata ta ce ko karayar arziki ce ta same mu. Amarya tana ɗakinta lafiya ƙalau ba a bin kowa ko sisi.

Ummu Khalifa: Anti ni fa tekawe ɗin nan ina ganin ya fi tsabta, ba kowa ne yake son haɗa hannu da wanda bai sani ba, kuma wasu gida suke kaiwa yara.

Anti Bilki: To a yi faranti ɗai-ɗai mana, masu hayar kujeru suna bayar da hayar faranti. Mai son kaiwa gida ta zo da kularta, da ai haka ake yi ba wanda yake jin kunya.

Sista Hauwa: Tunda an ambaci zoɓo, masu sayarwa a gora don Allah a kula da inda gorar ta fito. Sake amfani da ita abu ne mai kyau amma wadda aka tsinto a bola ko a harabar asibiti ba a san me aka zuba a ciki ba. Gara ki tara na gidajen da kika sani ki wanke da ruwan omo da kyau.

Abban Sadiq: Duk na ji, kuma na biki na yarda da shi ɗari bisa ɗari don ni aka fi tatsa. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, in ba a samar da wajen zuba shara da motar kwashewa a kan lokaci ba, duk tarawar da za ku yi a buhu ƙarshenta mai kura zai juye ta a wani kududdufi. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata muna fitowa mu yashe kwata mu tara a bakin titi, in ba a zo an kwashe ba ruwa ya mayar da ita inda ta fito. Sai mun haɗa da matsa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma.

Injiniya: Wannan kam ba musu. A yi duka biyun. Kuma in gida ya ware ɓawon kayan miya da ragowar abinci ya ba masu kiwo, toka da kashin awaki manoma na bayan gari suna nema su kai gona, roba da gwangwani da ƙarfe 'yan jari bola su saya, abin da zai rage wa mai kura kaɗan ne.

Na Maraɗi: Ina so in ba ku labarin itace don kar a tashi a kan sara kawai. Wajen lokacin yunwar 1984 gonakin jihar Maraɗi fayau suke, iska na binne shuka da rairayi sai an yi shuka biyu ko uku. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan ƙasa. Sai aka fara abin da muke kira sassaben zamani, in kututture ya yi toho ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka kare su daga dabbobi. Ba sayen iri ba ban ruwa. Da farko mahaukaci ake ce ma wanda ya bar itace cikin gona. Yau ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya. Gonar mahaifina gawo ne da kalgo da sabara, gawo kuwa da damina yake zubar da ganye bai tare ma hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani 'ya'yansa abincin bisashe ne. Rassan da muke datsewa su innarmu ke girki da su, ta bar tafiya nesa neman itace. Duk mai gona a Katsina ko Jigawa ko Sakkwato zai iya, ƙasarmu ɗaya ce.

Malam Na Islamiyya: Masha Allah. Ga hadisin Anas a Bukhari da Muslim, duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Ɗan Kura: Na Maraɗi don Allah a wane lokaci ake datsewar? Muna da gona a tudu duk shekara sai mun sassabe sabara mun ƙone.

Na Maraɗi: Lokacin sharar gona kafin ruwa ya sauka, sannan ka dinga zagayawa kana cire sabon tohon da ya fito gefe. Wuƙa ko gatari mai kaifi, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya tsage. Ka ɗaura jan tsumma a jikin wanda ka bari don masu neman itace su san da mai shi, kuma ka gaya ma maƙwabtan gona da mai gari, in ba haka ba wani zai sare maka da rani.

Maman Ilham: Mu na cikin gari da ba mu da gona fa? Ƙofar gidana akwai ɗan fili amma awakin layi ba sa barin komai.

Hajiya Inna: Ki samu tsohon kwando ko buhu ki kafa sanduna huɗu ki zagaye, ko bulo ki jera da 'yan ramuka. Darbejiya awaki ba su cika damunta ba in ta ɗan tasa, zogale ne sai a cikin gida. Ruwan wanke shinkafa da na alwala ya ishe ta, ban da mai omo da yawa.

Ɗan Mahauta: Kuma ledar fiya watan nan in kin yanke bakinta kin huda ƙasan, ita masu rainon itatuwa suke cikawa da ƙasa da taki su shuka iri a ciki. Taki kuwa in kuna so ku zo mahauta da buhu, kyauta ne.

Ummi Mai Alala: Ɗan Kura na tambayi yarona ya ce akwai injin casa a bayan kasuwarmu. Murhun buntun nawa ake sayar da shi, kuma tukunya babba tana zama a kai? Tawa mai cin kwano uku ce.

Ɗan Kura: Yana ɗauka Anti, girma-girma ne, da rabin duro ma ana yi. Kuɗin ya danganta da ƙarfen, bari in shiga wajen maƙerin gobe in ɗauko hoto da farashi in turo nan. Ki dai sa shi a tsakar gida inda iska take, farkon kunnawa yana hayaƙi.